Guɗar da Gwaggo Ta Ajiye Mini

Gwaggona ba ta iya shiru ba. Ba zaginta nake yi ba, Allah ya jiƙanta, ita ma da bakinta takan faɗa. In ta tashi da safe sai ta gai da ni, ta gai da Baba ta bayan katanga, ta gai da akuyar maƙwabta in ta leƙo, sannan ta tambayi butar shayi abin da ya hana ta tafasa. Yayar mahaifina ce. Ita ta goya ni tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma da Baba ya bar Damagaram ya buɗe kantin atamfa da kayan yaji a garin Tamanrasset, can arewa cikin hamada, ita ta ɗaure kayanmu ta hau saman babbar mota da ni a cinya.

Maguɗiya ce. Hausawan garin ba mu da yawa a lokacin, shekarun farko ne bayan Faransawa sun bar mulkin ƙasar, kowa ya san kowa har kalar tukunyarsa. Ba a suna, ba a ɗaurin aure, ba a saukar karatu ba tare da an aiko a ɗauke ta ba. In ta riƙe hanci da yatsu biyu ta ɗaga kai sama, wanda ke bakin kori, busasshen rafin garin, yana ji, wanda ke kasuwa yana ji. Matan Larabawa da na Buzaye suna da irin tasu guɗar, mai daɗi kuwa, amma ko su in suka ji ta Gwaggo sukan dakata su saurara har ta dire. Tun ina ƙarama take ce mini, "Ranar da aka haihe ki ni na yi miki ta hwari. Ranar da za ki hita gidan nan, zan yi miki wadda ba a taɓa ji ba." Na ji wannan magana har ta zama kamar gishiri a miya, ban ma lura da ita ba sai da ta nemi ɓacewa.

Na yi lekkol, makarantar boko ke nan, na iya Faransanci, har na samu aikin buga takardu a wani buro, wato ofis. Mijin kuma ni na zaɓo abina. Wani tela ne ɗan Maraɗi da shagonsa ke kallon kantin Baba, na yi ta kai masa rigunan da ba abin da ya same su har ya gane. Aka sa ranar biki, sai bayan sanyi ya wuce.

A cikin sanyin nan muryar Gwaggo ta dushe. Da farko mun ɗauka mura ce, don sanyin Tamanrasset ba ya jin kunyar kowa. Aka yi zuma da citta, aka yi kanumfari, aka yi man shanu da ɗumi, aka yi kanwa. Wanzami ya zo ya leƙa bakinta ya ce belunta tun tana jaririya aka cire shi, shi bai ga abin yankewa ba, ya sha shayi ya tafi. Maganar tana fita, amma da ƙyar, kamar ana jan tabarma a kan yashi. Ita kuwa ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Sai ranar wani suna a gidan wani mai sayar da fata, mata sun cika tsakar gida suna jira, ta riƙe hanci ta ɗaga kai, iska kawai ta fito. Ta sake, iska. Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta make ta. Gwaggo ta dawo gida ta zauna a bakin gado da mayafinta a ka, ba ta gai da kowa ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ni na ja ta asibiti. A lokacin akwai wani likita Bature da aka kawo na ɗan lokaci daga arewa, dogo, mai jan kunne, gwanin kunne da hanci da maƙogwaro. Yana ɗaura wani madubi mai rami a goshi. Ya ba Gwaggo ƙyalle ya ce ta kama harshenta da kanta ta jawo shi waje, ya ɗuma wani ɗan madubi mai dogon mariƙi a kan fitila, ya gwada zafinsa a bayan hannunsa, ya zura shi can ciki. Ya ce ta ce "iii". Gwaggo ta saki harshen ta ce mini, "Tambaye shi, iii na mi? Ko gaisuwa bai yi ba." Na fassara masa rabin farko kawai.

Da ya gama ya zana mana a takarda. Ya ce a cikin maƙogwaro akwai wasu ƴan fatu biyu da ke haɗuwa su kaɗa, su ne murya. A gefen ɗaya daga cikin na Gwaggo wani ɗan tsiro ya fito, bai fi ƙwayar dawa ba, shi ya hana su haɗuwa. Ya ce yawan aiki ne ya kawo shi, ba mugun ciwo ba ne, kuma zai iya cire shi ta baki ba tare da yanka wuya ba. Ya ce cirewar ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce bayan an cire dole mutum ya yi shiru har wurin ya warke, ko raɗa ba a yarda ba. In aka yi magana a kan ɗanyen rauni, zai iya yin jini, ya kumbura, ya bar tabo mai tauri, muryar ta tafi ke nan.

Sai ya buɗe wani akwati mai faifai biyu masu juyawa. Ya ce shi bincike yake yi. Duk wanda ya taɓa wa maƙogwaro yakan ɗauki muryarsa kafin aiki da bayan aiki, ya riƙa duba shi, don yana so ya gane me ya sa wasu muryarsu ke dawowa tas, wasu kuma ta lalace. Yana zargin magana ce. Amma ya ce, yana dariya, tun da ya zo garin nan bai samu mutum ɗaya da ya yi shirun ba, Balarabe ko Buzu ko Bahaushe, don haka ba shi da wanda zai gwada da shi. Ya nemi izinin Gwaggo. Da ya maido mata muryarta daga cikin akwatin, ta dafe ƙirji ta ce, "Wace tsohuwar tunkiya ce wannan?" Na ce ita ce. Ta ce to a cire.

An cire da safe, tana zaune a kujera, bayan ya shafa mata wani magani mai ɗaci da ya kashe wurin. Na riƙe mata kai. Wani dogon lanƙwasasshen ƙarfe ya shiga, ya fito da ɗan abin a bakinsa, ja, ƙarami, har na ji haushinsa. Wannan ne ya zaunar da Gwaggo. Muka dawo gida a ƙafa, tana nuna mini abubuwa da haɓa.

Abin da likita bai sani ba, ni kuma da na sani ban yi tunaninsa ba, shi ne dubiya. Kafin azahar labari ya zaga cewa an yi wa maguɗiya aiki. Kafin la'asar tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Wannan ta zo da fura, wannan da kunun gyaɗa, wannan da dabino, kowace kuma ta zo da gaisuwarta cikakkiya. Sannu da jiki. Ya ƙarfin jiki. Ina gajiya. Ina sanyi. Ya muka ji da wannan abu. Allah ya ƙara sauƙi. Mu kuwa ba a gaishe ka ka yi shiru. Wanda aka gaisar bai amsa ba, ko dai yana gaba da kai, ko ya kusa mutuwa, kuma kowace daga cikin biyun sai an tsaya an bincika.

Na zauna kusa da ita na zama bakinta. "Lahiya lau. Da sauƙi. Lokotoro ya hana ta magana." Sai su ce, "Ayya, to ba magana za ta yi ba, gaisuwa ce kawai." Wata ta matso har kunnenta ta ƙara murya, wai ko aikin ya taɓa ji. Wata ta fashe da kuka ta ce an ɓoye musu gaskiya. Ni kuma gaisuwata irin ta ƴan lekkol ce, gajera, biyu uku na gaji, har na ji wata tana cewa a zaure wai yarinyar nan ta tsare tsohuwa kamar jandarma. Gwaggo tana zaune fuskarta ta yi jawur, leɓɓanta suna motsi, tana murza gefen zane.

Ta daure ranar farko, ta daure ta biyu. Sai ga wata tsohuwa ƴar Agadas, ƙawar kakata ce tun suna ƴan mata, wadda Gwaggo ke durƙusa wa. An riƙo ta da sanda. Ta zauna ta ce, "Ɗiyata, ina jiki?" Na buɗe baki zan amsa, tsohuwar ta ɗaga mini hannu ta ce, "Ba da ke nike ba." Gwaggo ta dube ni, ta dubi tsohuwar, ta zame daga gado ta durƙusa. Ta amsa. Kuma da yake ƙofa ta buɗe, ba ta tsaya a "lahiya lau" ba. Ta tambayi gida, ta tambayi jikoki, ta ba da labarin ƙarfen da madubin da akwatin, ta kwaikwayi likita da jan kunnensa. Mata suka yi ta dariya, ni ma na yi, Allah ya sani. Ranar gidanmu ya dawo gidanmu.

Washegari da hantsi ta yi tari, ta tofar da jini. Muryar ta ɗauke gaba ɗaya, numfashinta ya fara fita da wani siririn fito. Baba ya rufe kanti ya samo motar wani mai kai kaya garin Idlès, aka kai ta asibiti. Likita ya duba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya yi mata allura, ya sa aka kawo ruwan zafi tana shaƙar tururinsa, ya zauna kusa da ita yana sauraren numfashin. Ya ce mini a hankali, in kumburin ya ƙaru zai huda mata wuya ya sa bututu don ta samu iska. Wannan ban fassara ba, amma ta ga fuskata. Allah ya taimake mu, kafin yamma fiton ya lafa. Da za a sallame ta ya ce raunin ya koma ɗanye, shirun zai fi na farko tsawo, kuma wannan ce dama ta ƙarshe.

A hanyar gida Baba ya ce, "Yaya, rufe ƙofa za mu yi, kowa ya ji haushi." Ta girgiza kai da ƙarfi. Ta yi gaskiya. Mu baƙi ne a garin mutane, junanmu kaɗai gare mu, wanda ya rufe wa ƴan dubiya ƙofa ya rufe wa ƴan biki, ga kuma bikina na tafe. Ni na ce a kai ta Idlès wajen wata aminiyarta Buzuwa mai lambu. Baba ya ce ai gaisuwar Buzaye ta fi tamu tsawo.

Malamin da ke karantar da yaran unguwa ya zo da yamma, shi ma dubiya. Mutum ne mai sanyin hali da son raha. Ya tarar da Baba a zaure bai gama lazimi ba, ya yi sallama, Baba ya ɗaga masa carbi kawai, malam ya samu wuri ya zauna yana jira. Ina tsaye da tiren shayi ina kallonsu. Ba wanda ya ji haushi, ba wanda ya ce an raina shi. Na kusa zubar da shayin. Da Baba ya shafa na faɗa musu abin da na gani, na ce a ba Gwaggo carbi ita ma. Baba ya ce wannan ai yaudara ce. Malam ya shafa gemu ya ce, "In carbin kawai za ta riƙe tana ƙirga ƴan dubiya, yaudara ce. In kuwa za ta ja da zikiri a zuci, ina yaudarar? An samu lahiya, an samu lada." Sai ya ƙara da cewa shi ya daɗe yana neman hanyar da zai zaunar da ita a kan buzu, ashe Bature ne zai yi masa aikin.

Washegari muka shimfiɗa mata buzun salla a inuwar tsakar gida, ta fuskanci gabas, ta lulluɓe, aka ba ta dogon carbin Baba. Mata suka shigo da sallama. Ta ɗaga carbi. Suka rage murya da kansu, suka ajiye kwanoninsu, suka gaishe ni a madadinta, suka ɗan zauna, suka fita a kan yatsun ƙafa. Tsohuwar Agadas da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallonta, ta ce, "Masha Allahu, ciwo ya yi rana," ta hana jikarta yin tari.

Gwaggo tana salla tana azumi kamar kowa, amma ba wanda ya taɓa saninta da dogon wuridi, ita da ke sallamewa da sauran labari a baki. Don haka gari ya ɗauka. Aka ce ta yi mafarki a asibiti. Aka ce ta ga wani abu lokacin da numfashinta ya tsaya. Mata suka fara kawo jarirai masu ciwon ciki ta dafa musu kai. Wani direba ya aiko da kan sukari a roƙa masa sa'ar hanya. Ita kuwa tana zaune ƙyam, idanunta kaɗai ke yawo a ƙarƙashin mayafi, kuma ni da na san ta na san duk gulmar da aka yi a tsakar gidan nan tana tara ta. In kowa ya watse takan jefe ni da carbin, ta yi mini labarin ranar da hannu da gira, har in riƙe ciki. Amma akwai yammacin da na leƙo na ga ba kowa, ba wanda za a ɓoye wa, tana ja a hankali hawaye na bin fuskarta. Ban tambaye ta ba, ko bayan ta warke.

Duk mako muna komawa wurin likita, harshe a ƙyalle, madubi a fitila. Ya ga wurin yana rufewa sumul. Ya tambaye ni yadda aka yi, na ba shi labari, ya yi dariya har madubin goshinsa ya zame. Ya ce ga mutumin da yake nema ya samu, kuma daga inda bai zata ba. Daga baya na ji duk wanda ya yi wa irin aikin yakan tambaye shi ko yana da carbi a gida.

Ranar da ya ba ta izinin magana, ya kunna akwati ya ce ta faɗi abin da take so. Mun zuba ido. Ta gyara zama ta ce, "Lokotoro, ina kwana? Ina gajiya? Ina mutanen gida?" Murya ce mai tsabta, ta ɗan fi ta da kauri. Na fashe da kuka, na kasa fassarawa, shi ma bai nema ba.

Sai ta yi tambayar da ke cinta, ta guɗa. Ya ce magana ta dawo, amma akwai ɗan tabo daga jinin nan na farko, kuma guɗa ita ce ta kawo ciwon tun asali. In ta koma yi a kowane biki, tsiron zai dawo. Ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce ɗaya ba zai ce a'a ba, amma bai yi alkawarin za ta fito ba. Ya roƙa in ranar bikina ta zo a bar shi ya kawo akwatinsa, don bai taɓa ɗaukar irin wannan ba.

Biki ya zo. Aka sa ni a lalle, wasu mata biyu suka yi guɗa, ba laifi, Gwaggo tana yamutsa fuska kamar ta tauna tsamiya. Aka ɗaura aure, maza suka shafa fatiha, labari ya shigo cikin gida, duk mata suka juyo suna kallonta. Ta ci gaba da rabon goro. Na ji ana raɗa cewa waliyiya ta bar guɗa. Ni kuma a ƙarƙashin lulluɓi zuciyata ta karye, na ce ta gwada a ɓoye ta ga ba ta fita, kunya ce ta hana ta faɗa mini. Na ƙudura ba zan nuna mata na damu ba.

Da la'asar sakaliya aka zo tafiya da ni. Likita yana zaure a cikin maza, an ba shi tabarma da kwanon nama, akwatinsa a gabansa. Aka fito da ni, Baba ya yi mini nasiha gajera. Na ɗaga ƙafa zan tsallake dokin ƙofa, sai na ji an riƙe mini mayafi ta baya. Gwaggo ce. Likita ya gane, ya miƙa hannu zai kunna. Ta sunkuya ta dafe murfin akwatin da tafin hannunta, ta ce mini, "Gaya mishi duk abin da ya ɗauka na bar mishi, Allah ya saka. Wannan ba tashi ba ce." Na gaya masa. Ya janye hannunsa ya miƙe tsaye.

Ta riƙe hanci da yatsu biyu ta ɗaga kai. Da farko iska ce ta fito, kamar ranar sunan nan. Sai muryar ta kama. Ba ta hau can sama inda ta saba ba, ta fi kauri, tana ɗan rawa a tsakiya, amma ta yi tsawo, ta yi tsawo, har tela da ke jira a gidansa bayan kasuwa ya rantse daga baya cewa ya ji ta. Ba wadda ta taya ta. Da ta dire ta tura ni waje da hannu ta ce, "Tahi, na sauke."

Ta yi shekaru masu yawa bayan nan, ta yi surutu har ta rama na kwanakin buzu da riba, ta kuma riƙe carbin, Baba bai sake ganinsa ba. An yi ta roƙonta guɗa a bukukuwa, har ranar sunan ɗiyata ta fari ni da kaina na roƙe ta. Ta karɓi jaririyar ta rungume, ta ce mini, "Ke dai kin ji taki."